Masu haɗa ƙaramin jirgin sama da hannu, ku kula da inda kuke sa makunnai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni ɗan fili in yi magana da masu haɗa ƙananan jiragen sama da hannunsu, irin masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu ɗin nan. Duk sanda aka nuna irin wannan jirgi mutane fenti suke yabawa da kyan fikafikai, ni kuma allon gaban matuƙi nake fara dubawa, kuma gaskiya abin da nake gani yana damuna ƙwarai. Sai ka ga makunnai an jera su reras kaman haƙoran matsefi, girma ɗaya launi ɗaya tazara ɗaya, na batir manne da na fitila, na famfon mai kusa da na rediyo, wai don allon ya yi kyan gani. To matuƙi in yana sama ba makunni yake kallo ba, idonsa na waje, hannu ɗaya na riƙe da sandar tuƙi ɗayan ne ke lalube, ga iska na jijjiga jirgi, abin da yatsa ya fara taɓawa shi zai danna.

Kuma wannan an daɗe da sanin sa. Lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen Amurka samfurin B-17 sun sha zubewa a kan cikinsu wajen sauka, ana ta ɗora wa matuƙa laifin sakaci, har sai da wani masani mai suna Alphonse Chapanis ya duba ya ga makunnin naɗe tayoyi da na flaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa in za a sauka, iri ɗaya ne sak kuma suna kusa da juna, mutum ya dawo a gajiye ya kai hannu zai ɗage flaf sai ya naɗe taya. Gyaran da aka yi ba wani babba bane, an sa wa na taya kai mai siffar taya, na flaf kuma mai siffar flaf, yanda hannu zai gane ko a duhu. Daga nan aka saba, har yau a jiragen kamfani mariƙin totur baƙi ne, na farfela shuɗi, na daidaita mai da iska ja, kuma kowanne da siffarsa.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne hatsarin mawaƙin Amurkan nan John Denver da ya rasu ranar 12 ga Oktoba 1997, sanda jirginsa ya faɗa teku a Monterey ta jihar Kalifoniya. Jirgin Long-EZ ne, haɗin hannu, kuma ba shi ya haɗa ba saya ya yi bai daɗe ba. A zanen Burt Rutan, wanda ya ƙirƙiro wannan samfurin, mariƙin sauya tankin mai tsakanin ƙafafun matuƙi yake, amma wanda ya haɗa wannan sai ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, babu ma rubutu a jikinsa. Masu bincike sun ce mai ya ƙare a tankin da injin ke sha, ya juya jikinsa don ya kamo mariƙin, jirgin ya ƙwace masa kuma yana kusa da ruwa. Wanda ya haɗa ya san kan abinsa ba shakka, amma jirgi ana sayar da shi, ana ba aboki ya tuƙa, shi ya sa nake cewa ba don kanka kaɗai kake tsara allon nan ba.

Kafin ka huda ƙarfe ko sau ɗaya, yanki kwali daidai girman allon ka kafa a wurinsa, ka zauna ka ɗaure bel tamau har na kafaɗa, ba a sake ba, sannan ka rufe ido ka bi yanda kake tada inji tun daga farko. Duk inda sai ka miƙe ko ka sauya hannu a kan sanda, wurin bai yi ba. Ni a ganina su bi juna yanda ake taɓa su, batir da altaneta, famfo, magnito mai ba fulogi wuta, sitata, sai na rediyo da sauran na'urori a ƙarshe tunda su sai inji ya tashi ake kunna su. Famfon mai na lantarki ya zauna kusa da hannun totur, sabida a jirgin da ke da shi ana taɓa shi wajen tashi da sauka da sauya tanki, kuma in inji ya fara tari yana cikin abubuwan farko da hannu zai nema. Fitilu su koma gefe su kaɗai, a bar tazara tsakaninsu da duk abin da zai iya kashe inji.

Masu sa injin da ke dogara kacokan da lantarki, ku naku ya fi tsanani, makunni ɗaya ya sauka inji ya mutu nan take, don haka ku sa irin wanda sai an jawo shi sannan yake motsawa, ko mai jan murfi. Ku duba har inda gwiwa ke bi in ana shiga da inda wayar abin sauraron da matuƙi ke sawa a kunne ke lilo. Duka su fuskanci hanya ɗaya, sama kunne ƙasa kashe, kar a samu ɗaya a juye, a rubuta sunan kowanne ɓaro-ɓaro yanda zai karantu da dare.

Ku bar gurbi ɗaya ko biyu a kowane rukuni, don gobe za a ƙara wata na'ura kuma in babu wuri duk ramin da aka samu nan za a cusa makunninta. In kun gama kwalin ku kira wani matuƙi da bai taɓa ganin sa ba ya zauna, ku ce ya kunna famfo ya sauya tanki, ku yi shiru ku ga inda hannunsa zai nufa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Mai karatunku a kullum