Zuwa ga Babana, kan maganar da ta iso ni

Assalamu alaikum Babana. Ƙanwarka ce ke rubutawa ni ina faɗa, don jiya sau huɗu ina kiranka ba ka ɗauka ba, kuma na san kana ganin kiran.

Magana ta iso ni, kar ma ka tambayi wanda ya kawo. An ce tun bayan babbar sallah ana ganinka a mashaya can Mararaba, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Haramcin giya ba sai na karanta maka ba, kai da ka sauke kana shekara 14. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Kai ba irin abokan nan naka ba ne. Su in sun sha ciwon kai ne kawai da safe, kai kuwa kana ɗauke da ciwo mai hawa da sauka, baifola ɗin nan da aka faɗa mana a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Ina zaune a gefenka ranar da likita ya ce masu wannan ciwo giya ta fi saurin kama su, in abin ya hau mutum ji yake duniya tasa ce sai ya sha ba lissafi, in ya sauka kuma ya sha don ya samu barci ko ya manta, giyar ta lalata barcin, rashin barcin ya sake tayar da ciwon, haka za a yi ta zagaye har mutum ya rasa wanne ne ya jawo wanne. Ga litiyom ɗin da kake sha, ya ce giya tana ƙarar da ruwan jiki sai maganin ya taru a jini ya koma guba, rawar hannu, amai, har ƙoda ta taɓu. Yaushe ma rabonka da gwajin jinin?

Ni hawan ba ya firgita ni sosai. Mun gani ai, kwana biyar ba ka runtsa ba, ka rabar da kuɗin shagon Baba, an biya an wuce. Saukar nake tsoro wallahi. Ranakun nan da kake kulle ɗaki ko abinci ba ka kallo. A irin wannan duhun ɗan sauran hankalin da ke riƙe mutum kar ya cutar da kansa shi giya take fara cirewa. Ka san yadda aka tsinci kawunka, ka san abin da aka samu a gefen katifarsa. Yanzu waya in ta yi ƙara bayan isha'i sai gabana ya faɗi, sai na ce shi ke nan an kira ni a kanka.

Na san har yau kana riƙe da mu kan shekara biyun da muka yi muna yawon ruƙiyya da kai kafin asibiti. To mu abin da muka sani ke nan, iska muka zata, kuma awarwarona na sayar a kan hanyar nan, ba ƙin ka muka yi ba. Amma haba Babana, yanzu da aka gano ciwon aka samu magani ka dawo mutum har ka samu aiki, shi ne za ka ɗauki kwalba da hannunka? Ka kyauta min ke nan?

Ka yi haƙuri, raina ne ya ɓaci. In har abin ya zama kullum kar ka yanke lokaci guda kai kaɗai a ɗaki, jiki yana iya kama jijjiga mai haɗari, a gaban likita ake yi. Maganinka kuma kar ka ajiye ko na kwana ɗaya. Ka faɗa masa gaskiyar kwalba nawa, ba alƙali ba ne.

Babanku bai sani ba tukuna. Ranar Talata zan biyo motar safe mu haɗu a Kaduna mu shiga tare, na yi maka dambun nama. Dan Allah ka ɗauki waya yau ko sallama ce kawai in ji muryarka.

Ummanka