Tsoron Allah ya raka su har teburin ofis

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A azumin da ya wuce, bayan la'asar, wata mota ta tsaya a ƙofar masallacinmu a Tudun Wada, aka sauke buhunan shinkafa da gero da sukari. Kowane buhu da hoton mai kyautar, carbi a hannunsa. Liman ya yi addu'a, muka shafa, na karɓi rabona domin gidan akwai buƙata. A hanyar komawa na bi ta gaban ƙaramin asibitin da muka kai jikata da tsakar dare makonni biyu kafin nan, jikinta zafi rau. Babu wuta. Da fitilar wayarta ma'aikaciyar jinya ta yi ta laluben jijiya a hannun yarinyar, magani kuwa sai da ɗana ya buga ƙofar kemis. Na tsaya da buhu a kafaɗa ina tambayar kaina: wanda imaninsa ya kai shi ciyar da mai azumi, ina imanin yake zuwa ranar da ake rabon kasafin kuɗi?

Ni ba na cikin masu cewa shugaba ya tuɓe addininsa a bakin ofis kamar takalmi. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata, amma bai hana gwamna ko kansila tunawa da hisabi ba. Wanda ya dafa Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki ya yi rantsuwar kama aiki, da bakinsa ya sa Allah a tsakani. Taken Jihar Arewa a zamanin Sardauna ma ai "Aiki da Ibada" ne, an haɗa su a numfashi ɗaya.

Mu mutanen Kaduna ba sai an ba mu labarin abin da ke faruwa ba idan aka yi wasa da addini. A watan Fabrairun 2000, lokacin rikicin shari'a, maƙwabcina Kirista, kafinta, wanda katanga ɗaya ce ta raba mu shekara goma sha ɗaya, ya kwashe iyalinsa ya koma Sabon Tasha. Tun daga lokacin kogin Kaduna ya zama kamar iyakar ƙasa. Gwamnan lokacin, Ahmed Makarfi, Musulmi ne, ana matsa masa ta ko'ina, amma tsarin da ya fito da shi a 2001 ya bar kotunan shari'ar Musulunci ga Musulmi, ya samar da kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba, ya kuma ƙara masarautu a kudancin jihar. Bai kashe wutar ƙurmus ba, mun sake ganin rikici a 2002 da 2011. Duk da haka hukunci ne na mutumin da ya san za a tambaye shi ran kowane talaka, mai zuwa masallaci ko mai zuwa coci.

A 2019 da 2023 mun ɓata watanni muna musu kan tikitin Musulmi da Musulmi. A majalisarmu ta bakin titi ban ji wanda ya tambayi ko ɗan takarar zai biya 'yan fansho haƙƙinsu ba, alhali cin gumin ma'aikaci haramun ne a addinan nan biyu.

Roƙona ga malamanmu da fastoci, Allah Ya ƙara muku daraja: idan ɗan siyasa ya durƙusa gabanku neman addu'a, kafin ku ɗaga hannu ku tambaye shi kwangilar da ya bayar, an gama ta? Ku tuna masa da abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, da yake tsoron Allah Ya tambaye shi ko dabba ce ta yi tuntuɓe a Iraƙi saboda bai gyara hanya ba.

Jikata ta warke, alhamdulillahi. Jiya da magariba na sake bi ta gaban asibitin, har yanzu duhu ne.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
Tudun Wada, Kaduna.