Yoyon Baƙin Mai a Ƙarƙashin Injin Babbar Mota: A Nemo Tushensa Kafin a Kwance

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin direbobi da makanikai kan wani gyara da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato toshe yoyon kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injin babbar mota. Na shafe shekaru ina tuƙin motar ɗaukar kaya, kuma sau uku aka kwance mini wannan kasko a kan yoyo ɗaya kafin a gane cewa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Baƙin mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, saboda haka duk inda ya tsiyayo, ko daga murfin saman injin, ko daga mazaunin filta, ko daga robar da ke tare mai a bayan karanshaf (babbar sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin), a gefen kaskon zai taru ya riƙa ɗiga. Wanda ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga ɗigon a nan sai ya yanke hukunci nan take. A tawa motar, wani dattijon makanike ne ya warware matsalar. Ya wanke injin tas, ya bari ya bushe, ya barbaɗa farar hoda a kewayen kaskon da samansa, sannan ya tayar da injin na ɗan lokaci. Da muka haska fitila sai ga wani siririn baƙin layi ya ratsa hodar tun daga mazaunin filta, kaskon da aka yi ta wahalarwa kuwa lafiyarsa ƙalau.

Idan ta tabbata kaskon ne, to a fara duba notin da ake tsiyaye mai, domin washar jan ƙarfe da ke jikinsa takan saki idan an yi ta maimaita ta, canza ta kuma aikin minti biyar ne. A kuma duba bututun da injin ke shaƙatawa ta cikinsa, don idan ya toshe, iskar da ta taru a ciki za ta turo mai ta sabon gasket (abin da ake shimfiɗawa tsakanin kaskon da gangar jikin injin don ya tare mai) kamar yadda ta turo ta tsohon.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne wajen mayar da kaskon. Wasu masu gyara sun ɗauka yawan gam shi ne ingancin aiki, sai su lafta shi sama da ƙasan gasket. Da zarar an ɗaure, rabin gam ɗin ya kan matso waje, rabi kuma ya faɗa ciki, daga baya ya gutsuttsure ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Injin da ke ɗaukar lita 30 zuwa 40 na baƙin mai sai ya wayi gari yana fama da ƙishirwa alhali kaskonsa cike yake, ƙarshenta ya buga. Na ga an ciro irin wannan rariya da zaren jan gam a naɗe kamar tsutsotsi. Gam kaɗan ake buƙata, galibi a kusurwoyin da murfin gaba da na baya suka haɗu da gangar jikin injin, sai fa idan kamfanin ya ƙera injin ne don a yi amfani da gam shi kaɗai ba gasket, a nan ma siririn layi ake ja, a kuma ba shi lokaci ya bushe kafin a zuba mai.

Ɗaurin notuna ma yana da ƙa'ida. Ba ƙarfin damtse ake gwadawa ba, domin matsewa fiye da kima tana lanƙwasa leɓen kaskon a daidai ramukan, ta murƙushe gasket, yoyon ya dawo ya fi na da. Sai a kankare tsohon gasket ba tare da an karce ƙarfen ba, a goge maiƙo, a ɗora leɓen a kan abu mai shafe a ga ko ya karkace, sannan a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, ana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan, da sifana mai awo bisa adadin da littafin motar ya faɗa.

Kaskon da dutse ya fasa kuwa, kada a kuskura a yi masa walda yana jikin injin, saboda tururin man da ke ciki yana iya kamawa da wuta. A sauke shi, a wanke, a yi waldar, a zuba masa kananzir a bar shi ya kwana domin a ga ko zai tsattsafo. Wanda tsatsa ta cinye har ya yi laushi, canji kawai ya dace da shi.

Ina fata ƙungiyoyin makanikai za su sa wannan cikin abin da suke koya wa yaran gareji tun da wuri.

Naka mai karatu a kullum,
Wani direban babbar mota