Ka Mayar Masa da Jakarsa

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mahaifinka ta yi sauƙi, har ya fara takawa masallaci da kansa.

Kada ka ji haushin yayarka. Ba ƙararka ta kawo ba, ni na tsare ta da tambaya, domin tun da ka koma muryarka ta canza, kuma duk abin da na tambaye ka sai ka ce ba komai. Na zaɓi in rubuta ne saboda a waya za ka yi ta ce min "to Umma, to Umma" har maganar ta bi ta bayan kunnenka.

Ta ce abokin zaman naka yana sa kayanka ba tambaya, ka wanke riga ka goge, ka wayi gari ka gan ta a jikinsa. Yana ɗaukar wayarka ya buɗe, har ya taɓa amsa kiran ƙanwarka. Yana tara abokai har tsakar dare suna baje a kan gadonka, kai kuma ka kwashi littattafai ka fita neman inda za ka raɓa, a ɗakin da aka biya maka daidai da yadda aka biya masa. Da ta ce ka yi magana, wai sai ka ce haƙuri kake yi, ba ka son a ce maka marowaci.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, wannan na sani. Maganar riga da takalmi ba za ta hana ni barci ba. Amma reza da buroshin haƙori ba a aronsu, ko tsakanin wa da ƙani. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a raye a jikin ɗan busasshen jinin da ido ba ya gani, kuma mutum yana iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba. Idan ya riga ya taɓa naka, jefar ka sayi sabo, ka je asibiti a gwada ka, a yi maka rigakafin idan ba ka da shi. Waya kuma yanzu ba ta kira kaɗai ba ce. Asusunka na banki yana ciki, lambar tabbatarwa da banki ke turowa a nan take faɗowa, hotunan 'yan'uwanka mata suna ciki. Ka canza lambar sirrinka yau, ka daina buga ta a gabansa.

Shi wannan haƙurin da kake taƙama da shi, wa ya koya maka shi haka? Allah da kansa Ya sa iyaka tsakanin mutane. Ka buɗe Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28: ba a shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma idan aka ce a koma, sai a koma. A aya ta 58 har yaran gida an ce su nemi izini a lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan sallar isha'i. Idan ɗan da aka haifa a gida yana da lokacin da zai tsaya a bakin ƙofa, ina ga wanda makaranta ce kawai ta haɗa ku? Cewa mutum "kada ka taɓa min wannan" ba rowa ba ce, ba kuma girman kai ba. Kunyar marar kunya asara ce.

Na san abin da kake faɗa a ranka yanzu, cewa Umma ma ai ta sha birkice min ɗaki. Ƙwarai na yi, kuma da za a dawo da shekarun nan zan sake. Ni na ɗauki cikinka, ni za a tambaya a kanka gobe ƙiyama, kuma ka san abin da na tsinta a wancan karon da abin da ya hana. Shi wannan yaron me ya haɗa shi da kai da zai samu wannan damar?

Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya sa na kasa runtsawa shi ne jakar.

Yayarka ta ce ya kawo wata jaka da kwaɗo a jikinta ya cusa a kabad ɗinka, wai nasa ya cika. Makullin yana hannunsa. Wani lokaci baƙinsa na zuwa, ya buɗe kabad ɗinka ya ciro ta, su fita waje, ya dawo ya mayar. Kai kuma ba ka taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Babana, hankalinka ɗaya kuwa? Ban ce na san abin da ke ciki ba, kuma ayar nan ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana shi leƙen asirinka ita ce ta hana ni mummunan zato a kansa. Mai yiwuwa takardunsa ne da 'yan kuɗinsa. To idan ba su ba ne fa? Idan ƙwayoyi ne, ko kwalaben maganin tarin nan da yara ke sha, ko wayar da aka sace wa wani? Ranar da za a zo bincike babu mai tambayar wa ya saya. Za a tambaya ne kabad ɗin wane ne, kuma sunanka ne a rubuce. Shi zai tsaya gefe ya ce bai taɓa ganinta ba, makulli kuwa jefar da shi ba wuya. Abokan nan da suke kwana kan gadonka, kana jin akwai ɗaya da zai buɗe baki ya ce ba taka ba ce? Kai da ko gardamar ƙanwarka ba ka iya ci, ta yaya za ka wanke kanka a gaban kwamitin ladabtarwa, balle a gaban hukuma?

Ka san abin da ya sami kawunka. Ka san shi ma ajiya aka ba shi, ka kuma ga yadda kakarka ta ƙare rayuwarta. Ban taɓa zaton zan sake jin kalmar nan a gidana ba, sai ga ta ta fito daga wajen ɗan da na fi yarda da hankalinsa. Mun hana kanmu abubuwa da yawa don ka kai inda kake, ba za ka zubar da shi don kana jin nauyin wani ƙato ya ɓata rai ba. Wannan ba kirki ba ne, sakarci ne, kuma ban haifi sakarai ba.

Ka yi haƙuri da zafin maganata, tsoro ne. Na san zuciyarka, tun kana ƙarami kai ne mai ba da abin hannunka ka koma gefe. Ina son wannan halin naka, ba na so ya zama abin da za a kama ka da shi.

Kada ka fasa jakar, kada ka leƙa. Ka ciro ta ka miƙa masa hannu da hannu a gaban wani ɗalibi mai hankali da ka yarda da shi, ka ce ba ka karɓar ajiyar da ba ka san cikinta ba. Bayan nan ka tura masa gajeren saƙo a waya cewa ka mayar masa da jakarsa, don rana da lokaci su zauna a rubuce. Ka sa wa kabad ɗinka kwaɗo, makullin ya zauna a jikinka. Sauran maganar kuma ku yi ta ku biyu, da rana, ba a gaban abokansa ba, ba kuma lokacin da ranka ya ɓaci ba. Ka faɗi abin da kake so ƙarara: ba a taɓa wayata, ba a zama kan gadona, baƙi su tashi a lokaci kaza. Ban da habaici, ban da kumbure-kumbure, domin irinsu ba sa gane shiru, ɗauka suke ka yarda. Zai yi fushi, wataƙila ya daina gaishe ka. Bar shi ya yi. Idan ya ci gaba, ka rubuta wa jami'in da ke kula da ɗakunan kwana ka nemi a canza maka ɗaki, ka riƙe kwafin takardar. Ko me zai ce maka, kada ka kai masa hannu, domin daga nan laifin ya dawo kanka.

Shi ma ɗan wasu ne, ina jin uwarsa tana can tana yi masa addu'a kamar yadda nake yi maka. Wataƙila a gidan da ya tashi babu nawa babu naka. Ka ci gaba da yi masa sallama, idan ya kwanta ciwo ka duba shi, abin da ya roƙa da baki kuma kana da hali ka ba shi.

Ban gaya wa mahaifinka ba tukuna. Na ba ka zuwa Juma'a ka kira ni ka ce jakar ta bar kabad ɗinka. Idan ban ji ba zan faɗa masa, ka kuwa san shi, da ƙafar tasa a haka zai shiga mota ya zo.

Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya tsare min kai, Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka