A Ba Tseren Keken Tour Divide Fili a Shafin Wasanni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi kira ga masu kula da shafin wasanni na wannan jarida, wanda ƙwallon ƙafa ta cinye gaba ɗaya, da su riƙa kawo mana labarin tseren keke na Tour Divide da ake farawa a watan Yuni na kowace shekara daga garin Banff na Kanada zuwa Antelope Wells, a kan iyakar Amurka da Meziko. Tafiya ce ta kusan kilomita 4,400 a kan hanyar da ƙungiyar Adventure Cycling da ke Missoula a jihar Montana ta shata, yawancinta burji ce da hawan dutse, kuma ba a yarda wata mota ta bi mahayi da guzuri ba. Gwanaye kan kammala cikin mako biyu ko ƙasa da haka kaɗan, masu yawon buɗe ido kuwa sukan yi kusan wata biyu.

Abin da ya sa nake ganin labarin ya cancanci fili shi ne ƙasar da hanyar ta ratsa, domin tsofaffin garuruwan haƙar ma'adinai ne a jere. A Butte ta jihar Montana, garin da jan ƙarfe ya azurta, mahayi zai tarar da ramin Berkeley, wanda aka fara haƙa a 1955. Da aka kashe injinan janye ruwa a 1982, sai ramin ya cika da ruwa mai guba, har dinya 342 suka mutu a cikinsa a 1995, dubbai kuma suka sake mutuwa a 2016, abin da ya sa yanzu ake da ma'aikatan da aikinsu shi ne korar tsuntsaye kafin su sauka. Duk wanda ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos ba zai ga wannan a matsayin baƙon labari ba.

Can gaba a jihar Wayomin akwai South Pass City, inda samun zinariya a 1867 ya tara jama'a cikin ƙanƙanin lokaci, suka watse bayan 'yan shekaru, yanzu kuma gwamnatin jihar ke riƙe da garin a matsayin wurin tarihi. Maƙwabcinsa Atlantic City bai mutu ba tukuna, kuma mahaya keke na cikin waɗanda ke raya ɗan kasuwancinsa, domin a nan suke cin abinci su cika gorunansu kafin su faɗa wani fako mai kilomita 150 ko fiye, inda ruwan sha ke da wuyar samu, ruwan saman da ya sauka kuma ba ya gangarawa kowane teku.

Mahaya da yawa suna ɗauke da na'urar da ke nuna inda suke a intanet, don haka bibiyar tseren ba ta buƙatar tura wakili ko kashe kuɗi. Rahoto ɗaya a mako, tare da taswira da ɗan tarihin garin da mahayin da ke kan gaba ya isa, ya wadatar.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Jos