Wasiƙa Kan Lambar 2,147,483,647

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya, ya baƙunta? Ka tambaye ni dalilin da ya sa 2,147,483,647 ke yawan fitowa a aikinka na kwamfuta, da kuma ko gaskiya ne ba ta rabuwa.

Gaskiya ne. Firam ce, babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Ka jera 2 guda 31, ka ninka su da juna, ka cire 1, ita za ka samu: 2^31 − 1. Firam masu wannan siffa ana kiransu da sunan Mersenne, ita ce ta takwas a cikinsu. Ita ma 31 ɗin 2^5 − 1 ce, don haka Mersenne ce ninki biyu, kuma huɗu kacal aka sani masu haka: 7, 127, wannan, da 2^127 − 1.

Kada ka ɗauka duk lambar sama (yawan 2 ɗin da aka ninka, kamar 31 a nan) da take firam za ta ba da firam. 11 firam ce, amma 2^11 − 1 ita ce 2047, wato 23 sau 89.

Masanin lissafi Euler ne ya tabbatar da tamu a 1772, da hannu. Bai bi kowace lamba ba. Duk firam da za ta raba 2^31 − 1 dole ta bar saura 1 in an raba ta da 62, ta kuma bar 1 ko 7 in an raba ta da 8. Saboda haka 248n + 1 da 248n + 63 kaɗai za a duba (n kowace cikakkiyar lamba ce), a tsaya kafin 46,341, domin 46,341 sau 46,341 ya wuce lambar tamu.

Kai dai yi amfani da gwajin Lucas da Lehmer, wanda aka yi don lambobin Mersenne, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2, raba da lambar da kake gwadawa, riƙe saura. Maimaita da sauran, har zagayen su kai lambar sama ban da biyu. In ka ƙare da sifili, firam ce. Fara gwadawa da 31 (2^5 − 1), zagaye uku ne: 14, sai 194 ta bar 8, sai 62 ta bar 0. Babbar tana buƙatar zagaye 29.

Inda ake tuntuɓe shi ne wurin ninkin. Lambar nan ita ce iyakar abin da ma'ajiyar bit 32 mai alama (wadda ke riƙe lambobin ƙasa da sifili ma) ke ɗauka, shi ya sa kake yawan ganinta. Ninkin zai wuce iyakar, amsa ta lalace, sau da yawa ba tare da gargaɗi ba. Yi aiki da bit 64, kuma ka ɗauki saura a kowane zagaye, kada ka bari sai ƙarshe. Iyakar nan ce za ta rikitar da agogon tsofaffin na'urorin Unix ranar 19 ga Janairu, 2038.

Ka gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Amininka