Masu ƙanjamau ma suna ƙyamar juna

Malam Edita, assalamu alaikum.

A gidajen jinyar masu ƙanjamau da jiki ya yi nauyi a nan Kano, wallahi majinyatan ne ke riƙe juna, wannan ta bai wa waccan kunu, wani ya tuna wa wani lokacin shan magani, tunda dangi da yawa sun janye. Amma fa tsakaninsu ma akwai tsangwama, macen da ta ɗauki cutar wajen miji sai ta riƙa yi wa wata kallon 'yar bariki, haba jama'a!

Cutar nan ba a ɗaukarta ta musabaha ko cin tuwo kwano ɗaya, kuma dokar hana nuna wa masu ƙanjamau wariya tana nan tun 2014. Malamanmu don Allah a taɓo maganar a huɗubar Juma'a.

Naku,
Mai karatu daga Fagge